Tambaya da Amsa: Kalmar "charge" da kayan da take ɗauke da su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar rumfar cajin waya a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma bana nake son sake zama jarrabawar NECO, don Turanci ne ya kayar da ni bara. A darasin da muke yi da yamma an ba mu jimlar "The man was charged with stealing a goat", aka ce mu kawo wata kalma a madadin "charged". Na tuna cajin da mai POS ke cira, sai na rubuta "paid". Malamin ya zabga mini jan biro. Ni da nake sana'ar caji kullum, ashe ban san caji ba? Ma'ana nawa kalmar nan take da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka san caji, sai dai ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan ka sani, gidan kuwa babba ne. Kada ka zauna haddace ma'anoni goma daga ƙamus. Riƙe kalmar Hausa guda ɗaya: ɗorawa.

Asalin kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce. Sun same ta ne daga Faransanci, bayan da mutanen Nomandi, wani yanki na Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Su ma Faransawa daga Latin suka gada, daga wata kalma mai nufin yi wa amalanke lodi. Shi ya sa "charge" da "car" da "cargo" da "carry" duk tsatsonsu ɗaya, amalanke ne kakansu. To ka dubi yadda mu ma muke wasa da "ɗora". Ana ɗora wa jaki mangala. Ana ɗora wa talaka haraji. Ana ɗora wa mutum laifi. Ana ɗora wa babban wa nauyin ƙannensa. Babu Bahaushen da zai ruɗe a nan, ko yaro ya san mangala daban, laifi daban. Haka Bature yake ji da "charge".

Mu fara da taka. Wayar da aka kawo maka da safe ta mutu, ka rubuta lamba a 'yar takarda ka manna a bayanta, ka ba mai ita ɗaya rabin, ka jona ta a jikin allon nan mai soket talatin. Ɗura mata wuta kake yi. Kafin a san batir, da wannan kalmar ake cewa an ɗura wa bindiga albarushi, kamar yadda maharbanmu ke yi. A ƙarni na 18 masu binciken lantarki suka ara. Abokan tafiyarta a nan kaɗan ne: "recharge", wato sake ɗurawa, ko "power up". Katin waya da ake kira "recharge card" ma daga nan ya fito.

Sai ta kuɗi, inda santsi ya kwashe ka. Wanda ya yi "charge" shi ne mai neman kuɗi, wanda ya yi "pay" shi ne mai bayarwa. Mai POS ya ɗora maka, kai ka biya. Ka ga ko da jimlar ta kuɗi ce, ka juya ta kai ƙasa. A nan ne kuma ɗalibai ke ɗauka duk kalmomin da ƙamus ya jera ɗaya ne, alhali kowace da rumfarta. "Fare" kuɗin mota ne, abin da za ka ba direba daga Gumel zuwa Kano. "Fee" na makaranta ne, ko na lauya da likita. "Price" farashin kayan da ka taya ne, kamar kwanon gero. "Cost" abin da ya fita daga aljihunka ne kafin abu ya tabbata. Shi kuwa "charge" ya fi zama a kan ladan aiki, irin ɗarin da kake karɓa a kan kowace waya. Ka ce da direba "How much is the fee?", zai gane, amma mai makin jarrabawa ba zai yafe ba.

Ta uku ita ce ta jimlarka, kuma mun daɗe da ita a bakinmu ba tare da mun lura ba. Da aka ce an kai wane caji ofis, ai ba waya aka je jonawa ba. Wurin da ake rubuta tuhuma ne. To "charged with stealing" na nufin hukuma ta tuhume shi da sata. Ka lura da bambancin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci. Maƙwabcinka na iya tsayawa a ƙofar gida ya ce kai ka ɗauke masa akuya, wannan zargi ne, "accuse". Sai 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara sun rubuta sun kai kotu ake cewa "charge". Kuma har yanzu ba a ce ya yi ba. Sai alƙali ya same shi da laifi ake cewa "convict". Ina jin haushi idan na ji mai fassara labari ya haɗa ukun nan ya zuba su a kwarya ɗaya, domin mutuncin mutum ne ake wasa da shi.

Akwai ta shugabanci. Jami'in da ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauyenku, wanda ake kira incaji, daga "in charge" ne, wato wanda aka ɗora wa nauyin wurin. Yi hattara da ɗan ƙaramin "the": "in charge of the children" shi ke kula da yaran, amma "in the charge of his uncle" shi ne a hannun kawunsa. Idan kuma asibitin ya sallami mara lafiya sai a ce "discharge", an sauke kaya ke nan.

Ta ƙarshe, je karar Maigatari ranar Alhamis. In bijimi ya tsinke igiya ya sunkuyar da kai ya yo kan jama'a, kowa ya watse har da dillalai, wannan ma "charge" ne, abokansa "rush at" da "attack".

Yadda za ka gane wacce ake nufi a ɗakin jarrabawa: dubi 'yar kalmar da ke biye da ita. In ka ga "for", yawanci kuɗi ne. In ka ga "with" da sunan laifi a gaba, tuhuma ce. In "at" ce, to ka yi ta kanka, bijimi ne. In "in" ta gabace ta "of" ta biyo, shugabanci ne.

Saura tarko ɗaya. Duk da bambancin da na faɗa, amsa mafi kusa da malaminku ke nema ita ce "accused", amma "accused" ba ta tafiya da "with", da "of" take tafiya. Don haka in an ce ka sake rubuta jimlar gaba ɗaya, sai ka ce "The man was accused of stealing a goat". Ka gwada wannan a darasin gobe, ka kuma tambayi malamin me zai ce da "The trader charged him for the goat". A can an sayi akuyar ne, ba a sace ta ba.