Tambaya da Amsa: Wai kulob ɗin ƙananan ƙasashe ba ƙyalle ba ne a gasar CAF?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Mun yi musu a majalisarmu kan wasannin share fage na Champions League ɗin Afirka, ni na ce ɓata lokaci ne kawai a haɗa kulob ɗin Najeriya ko Masar da na irin su Botswana da Muritaniya, ai an san wanda zai wuce. Abokina ya ce ban san ƙwallo ba. A raba mana gardama. Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kar ka ji haushi amma abokinka ya fi ka gaskiya, ko da yake kai ma ba ka tashi a tutar babu ba.

Ga yadda abin yake. CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, tana duba ƙoƙarin kulob-kulob na kowace ƙasa a shekara 5 da suka wuce, ƙasashe 12 na sama su kawo kulob biyu-biyu, sauran ɗaya-ɗaya, sai a yi gida da waje kafin a kai matakin rukuni. To wannan gida da wajen shi ne ramin da manya ke faɗawa.

Ka tambayi 'yan Simba ta Tanzaniya. A 2021 sun je sun ci Jwaneng Galaxy ta Botswana 2-0 a gidanta, suka dawo Dar es Salaam har suka fara jefa ɗaya a raga, kowa ya ɗauka an gama, sai yaran nan suka dawo hutun rabin lokaci suka zura uku rigis, aka tashi 3-1, jimilla 3-3, dokar fifita ƙwallon da aka ci a waje ta fitar da Simba a gaban magoya bayanta. Kuma ba sa'a ba ce, don a 2023 Galaxy ɗin nan dai ta kori Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu a bugun fenariti, ta shiga rukuni ta je har Maroko ta ci Wydad 1-0. Jwaneng fa ɗan garin haƙar lu'ulu'u ne. A kakar 2023 ɗin ce kuma Nouadhibou ta zama kulob ɗin Muritaniya na farko da ya shiga rukuni.

Maƙwabtanmu ma, USGN ta jandarmomin Nijar ta riƙe Al Ahly ta Masar 1-1 a Yamai a 2021. A Alƙahira kam ta sha 6-1, nan ne inda maganarka take da ƙamshin gaskiya, kuɗi da benci mai kauri suna aiki, shi ya sa Ahly ke da kofi 12. Amma daga nan USGN ta gangara Confederation Cup, gasar CAF mai daraja ta biyu, ta shiga rukuni, kamar yadda AS FAN ta Nijar ta yi a 2010.

Inda ban yarda da kai ba sam shi ne sa Najeriya a layin manya ba tare da ka duba ba. Eh Enyimba ta ɗau kofin a 2003 da 2004, Kano Pillars ta fitar da Ahly a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, amma wannan tarihi ne. A 2023 Medeama ta Gana ta cire Remo Stars, Al Ahli Benghazi ta Libiya ta cire Enyimba, duk a zagayen farko. Dalili ba ɓoyayye ba ne, ana fara share fagen nan wajen Agusta lokacin lig ɗinmu sau da yawa bai ma kankama ba, an sayar da 'yan wasan da suka ciyo lig ɗin, an kwaso sababbi goma sha wani abu, wani sa'in koci ma sabo, ga wahalar tafiya ana kwana a filin jirgi. Shi kuwa ƙaramin kulob ɗin da ka raina yakan zo da yaran da suka daɗe tare, da yawansu su ne ke buga wa ƙasarsu, sun saba da irin wannan wasa.

Don haka in an fitar da jadawali ka ga sunan da ba ka taɓa ji ba, ka bari a buga wasa na biyu tukuna kafin ka sa baki a majalisa. Shayin ranar kuma kai za ka saya wa abokin naka.