Littafin Shago da Kwandon Gyara: Amsa Ga 'Yata Mai Koyon Ɗinkin 'Yar Tsana

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce: "Anti, bana ciniki ya fi na bara, a Disamba har oda muka riƙa mayarwa. Me ya sa za mu rufe shago mu zauna duba tsohon littafi? Ni a ganina burin baɗi a fili yake, mu ninka abin da muka ɗinka." Gara da kika yi tambayar yanzu, tun kina hannuna, kafin ki kama haya ki buɗe naki wurin. Na rubuto miki ne don a shago ƙarar keke ba ta barin doguwar magana.

Kuɗi sun shigo fiye da na bara, wannan ba gardama. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, babu abin da muke taɓawa da bai tashi ba: zare, ulu, faibar da muke cusa wa 'yan tsana, kuɗin Keke Napep zuwa Taminus, tsakiyar kasuwar nan Jos, kuɗin da direba ke karɓa ya kai mana kaya Abuja. Mace na iya shekara guda tana jin alat na shigowa tana murna, ashe jarinta take ci. Littafin ne kaɗai zai faɗa mata gaskiya.

Lissafin kayan aiki kowa ya iya shi. Abin da masu sana'ar hannu ke tsallakewa, musamman mu mata, shi ne ladan hannun. Gani muke tunda a zaune muke, ƙyallen ma da araha muka samo shi wajen tela, to duk abin da aka miƙo riba ce. Ga ma'aunin da nake aiki da shi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasar nan Naira 70,000 ne a wata. Raba shi gida 26, wato kwanakin aiki idan ana hutun rana ɗaya a mako, zai ba ki kusan Naira 2,700 a yini. Ke nan 'yar tsanar da ta ci miki rabin yini tana ɗauke da wajen Naira 1,350 na hannunki kawai, ba a zo maganar yadi da faiba da haya da wuta ba, balle riba. Wannan ma ladan wanda bai koyi komai ba ne. Wadda ta iya yanka da ɗinki da kitso ta wuce nan.

Yanzu ki auna ƙananan nan da ake ratayawa a jaka ko a makulli da wannan ma'aunin. Su suka fi tafiya, su suka cika mana shafukan littafi. Amma ke kika zauna kina juya hannuwansu, kin san yadda suke cin rai. Juya ƙaramar da cusa ta kusan lokaci ɗaya suke ci da na babba, kuɗinta kuwa ko kusa. In muka ninka su, gajiya kawai muka ninka. Baɗi na ajiye su, sai dai mai biki ta yi odar su da yawa don rabo, ta kuma biya kafin mu sa almakashi.

Bayan littafi sai kwandon gyara, inda muke zuba 'yan tsanar da aka dawo mana da su, wanda ni a wajena ya fi littafin magana. Ɗauko mai jan ɗankwalin nan da aka dawo da ita daga unguwar Rikkos, ki riƙe ta a ƙugu. Kan zai faɗo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji. Ɗinki bai farke ba, yadi bai yage ba. Faibar wuyan ce ta gudu, rabi ta haye kai, rabi ta gangara ƙirji, aka bar wuya fanko. Ai yarinya ba da ladabi take ɗaukar 'yar tsana ba. Ta wuya take shaƙo ta, ta hannu ɗaya take jan ta a tsakar gida, ta goya ta ta ɗaure zani tamau, dare ya yi ta kwana a kanta. Maganin wuya shi ne a naɗe ƙyalle mai kauri ya yi tauri, a zura shi daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar ƙirji, a kama shi da zare ta ƙeya, sannan a riƙa tura faiba kewaye da shi kaɗan-kaɗan da gindin fensir har ko'ina ya cika. Wadda ta dunƙula faiba ta danna sau ɗaya ta gama da wuri, amma bayan wata biyu kayan zai dawo mata. Haka hammata da tsakanin ƙafafu: a rage tazarar ɗinkin keke, a bi sau biyu, a ɗan tsattsaga bakin yadin da kan almakashi a wuraren lanƙwasa kafin a juya, in ba haka ba wurin ya tattare. Yankan kuma ya bi tsayin yadi. Ƙafar da aka yanka a karkace don a ci ribar ƙyalle, da an cusa ta za ta murɗe, 'yar tsana ta zama mai gwame.

Ki duba ranakun da aka rubuta a jikin waɗanda ke cikin kwandon. Yawancinsu ɗinkin makon jajiberin Sallah ne da na daf da Kirsimeti, lokacin da ake aiki ido na rufewa. Amsar maganar ninkawa ke nan. Hannuwanmu huɗu ne, keke ɗaya. In aka ninka adadi ba a sauya tsarin aiki ba, kwandon ne zai cika.

Ido kuwa babu sassauci a kansa. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba abin da ake mannawa da gam. Yaron da bai kai shekara uku ba komai baki yake kaiwa, shi ya sa a Turai da Amurka doka ta hana sa ƙananan abubuwa masu ɓallewa a kayan wasan irin waɗannan yara. Masu sayenmu na Abuja da ke kai tsaraba Ingila sukan tambaya, kuma suna da gaskiya. Da zare ake zana ido, a ɓoye ƙullin a ƙarƙashin gashi. Akwai kuma iyayen da ba sa son fuska sam. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma da wannan malamai da yawa suka kafa hujjar halatta su ga yara. Duk da haka wasu sun fi samun natsuwa da marar fuska. Fatawa ba sana'armu ba ce. Ki tambayi mai oda tun farko, ki rubuta abin da ya ce, ki yi masa.

Wata mai saye ta taɓa ce min me ya sa ba ma cusa auduga, ai ita ce ta gargajiya. Auduga na da kyau har ranar da aka wanke ta. Sai ta dunƙule, kuma a Jos cikin Agusta, da ruwa ba ya ɗaukewa, za ta yi kwanaki a igiya ba ta bushe ba, ta soma warin danshi, fumfuna ta fito. Audugar rimi ba ta da nauyi, amma saurin kama wuta gare ta, mu kuma garinmu na sanyi ne, da hunturu yara na kewaye da gawayi. Faibar filo ita ce daidai: a wanke da safe, a ɗauke da yamma. Atamfa ma sai an gwada. Tun da manyan masaƙun Kaduna suka durƙushe a shekarun 2000, yawancin mai arahar da ke fitowa daga Kantin Kwari ta waje ce, wata ba ta zuba, wata kuwa da ta ga ruwa shi ke nan. Jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe. In ya ɗauko launi, kada ta kusanci jikin 'yar tsana.

Na san abin da ke ranki, 'yan tsanar roba da aka jibge a bakin titin Ahmadu Bello. Kada ki ɓata dare kina tunaninsu. Inji ke zubo su dubbai, ba za mu taɓa kamo farashinsu ba, kuma mai neman araha ba namu ba ne. Namu ita ce uwar da ke son 'yarta ta rungumi mai kama da ita, baƙa ko wankan tarwaɗa, da shuku ko kalaba a kai, da hijabi ko ɗaurin ɗankwali, ko farin saƙi irin na Fulani, ko mai ratsin baƙi da fari na Tibi ga masu oda daga Binuwai.

To ga inda na dosa baɗi, kuma kalanda ce ta tsara min shi. Ƙaramar Sallah ta 2023 ranar 21 ga Afrilu aka yi ta, ta 2024 ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 ranar 30 ga Maris. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan a 2026, gwargwadon ganin wata, azumi zai kama cikin Fabrairu, a yi Sallah wajen 20 ga Maris, Babbar Sallah kuma ta faɗo daf da Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Da can Janairu watan hutu ne a wannan sana'a, iyaye na fama da kuɗin makaranta, ba mai waiwayar kayan wasa. Ciniki zai yi shiru kamar kullum, amma mu ba hutu. A Janairu za mu ɗinka jikkuna zalla, a cusa, a yi wuya a natse, a dasa gashi, a ɗaure a leda a ajiye. In oda ta zo cikin azumi, kaya kawai za a ɗinka a sa musu. Daga Yuni kuma har Disamba babu babbar kasuwa sai ɗan motsin Mauludi wajen ƙarshen Agusta, don haka kuɗin Sallolin nan biyu su za su riƙe mu tsawon damina. Kwasar adashina na sa an mayar min ita Yuli saboda haka.

Wannan tsari ba zai yiwu ba sai jikin kowace ya zama awo ɗaya. Girma biyu kawai za mu riƙe, babba da matsakaiciya, kowanne da kwalinsa na yanka, yadda rigar da aka ɗinka yau za ta shiga wadda aka saya bara. A nan nake hango ribar da ba mu taɓa ba. Mu da muka yi wasa da 'yar tsanar ƙashi mai kan danƙo, ko ta kara, mun san daɗin wasan ba a jikinta yake ba, a ɗaura mata zani ne, a canza mata, a haɗa mata kayan ɗaki a yi mata biki. Yaran yanzu ma haka suke. Uwa ta kawo ragowar atamfar Sallar 'yarta, mu ɗinka wa 'yar tsana anko da ita. Aikin bai kai na sabon jiki ba, yadin nata ne, kuma duk Sallah za ta dawo. Ƙyallayen teloli kuma a makonnin azumi ake samunsu, lokacin da suke yanka ba dare ba rana. Ki zaga unguwannin Dilimi da Gangare da buhu tun kafin a share, abin da muka tara shi za mu ci har Kirsimeti.

Kwalayen nan da littafin a gida za su riƙa kwana. Duk wanda ya ga yadda babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 ba ya tara komai nasa a wuri ɗaya.

Oda kuwa, rabin kuɗi kafin alƙalami, ko ta wace ce, ko matar yayana ce. Mu ma in mun karɓa, ranar da muka faɗa ita ce rana, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In littafin oda ya cika, a ce ya cika. Mayar da mutum da haƙuri ya fi a karɓi kuɗinsa a riƙa kashe waya. Zan kuma yi wa sunan shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, a buɗe masa asusunsa daban, kuɗin cefane su daina haɗuwa da kuɗin faiba.

Saura naki burin, tunda ke ma shekara ta juyo miki. Ɗinkinki na keke ya miƙe, kitsonki ya fi nawa ma, yatsunki sun fi sauri. Wuya da yanka su ne ba ki kama ba tukuna, kuma har yanzu kunya kike ji in an tambaye ki farashi, sai ki waiwayo ki kalle ni. Daga Janairu yankan matsakaiciya naki ne, daga kan kwali har ɗinkin ɓoye na rufe baya. Ki sami naki ƙaramin littafi, duk wadda kika fara ki rubuta lokacin farawa da na gamawa, ki fitar da kuɗinta da kanki, ki kawo mu gwada da nawa. Bayan Babbar Sallah, in wuyan naki ya tsaya, za ki fara karɓar odar anko da sunanki, ladan hannun naki ne, na yadi da zare na shago.

Ranar Litinin ki zo da wuri, ki taho da reza da fensir. Za mu farke ta Rikkos ɗin tare ki ga cikinta da idonki, sannan ki mayar da ita da hannunki, mai ita na jira kafin a koma makaranta. Kuɗin motarki na ranar a kaina. Ki gaida min Mamanku.