Ko daka wa na'ura tsawa yana rage ladabin yaro?

Kin tambaya ko tsawar da ɗanki yake daka wa Alexa, na'urar kamfanin Amazon mai amsa umarnin murya, za ta shafi ladabinsa ga mutane. Damuwarki tana da tushe, domin na'urar ba ta ɓata rai, saboda haka yaron da ya saba katse ta da "yi shiru" ba ya ganin sakamakon kaushin harshensa a fuskar kowa. Tun 2018 kamfanin Amazon ya samar wa Alexa tsarin da ke yaba wa yaro idan ya roƙa cikin ladabi. Kuskuren iyaye, a ganina, shi ne tsawata wa yaro alhali su ma suna daka wa na'urar tsawa a gabansa. Idan tsawar ta fara kaiwa ga ƙannensa da malamansa, ki tuntuɓi masanin halayyar yara.