Amsa: falsafa tana da amfani ko surutu ne kawai?

Ɗan'uwa kana tambaya wai ko karatun falsafa yana da wani amfani, ko dai gardama ce kawai mai girgiza imani. Gaskiya yana da amfani, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai a zaurukan cikin birnin Zariya har yau ana karanta manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja da auna ta, Imam Gazali ma da ya rasu a 1111 sai da ya karanci falsafa ciki da waje kafin ya yi wa masu ita raddi, Ibn Rushdi, malamin falsafa na Andalus, kuma ya zo ya mayar masa da martani.

Ni ranar da na gane amfaninta a asibiti ne. Yayata tana naƙuda likita ya ce sai an yi tiyata, mijinta yana hanyar Legas wayarsa ba ta shiga, fom na hannun nas ga biro, dangin miji suka tsaya kai da fata wai ba mai sa hannu sai shi, ita kuwa tana kwance da hankalinta tana cewa a yi. To jikin nan amana ce ta Allah, kowa ya yarda, amma a hannun wa aka ba da amanar? Abin da na tambayi kawun mijin ke nan a baranda, ya yi shiru can ya ce a miƙa mata biron. Da ban saba warware magana irin haka a ajin falsafa ba wallahi da ihu kawai zan yi musu, lokaci na tafiya.