Tambaya da Amsa: Ruwa ya shigo gida, ya zan yi da kyanwata da tantabarun yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni a Agiliti nake zaune nan bayan Mile 12 a Legas, bara ruwa ya shigo mana cikin dare muka kwashi yara muka fita, kyanwata ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, dole na rufe ɗaki na bar ta, Allah ne ya yi da sauran kwananta muka dawo muka same ta a saman wadrob. Yanzu ta haihu 'ya'ya huɗu, ga tantabarun yarana ga tunkiya a bayan gida, ga damina ta kama. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kiyaye gaba. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don mutane da yawa kunya suke ji su ce suna damuwa da dabba alhali mutane ma na neman mafaka, kuma babu abin kunya, amana ce. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Toh abu na farko kenan, duk runtsi kar ki fita ki bar dabba a ɗaure ko a kulle.

Unguwarku ruwanta iri biyu ne, akwai na sama da ke tsananta a Yuni da Yuli, sai na kogin Ogun idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba zuwa Oktoba, wanda shi ne ke cin su Isheri, Kara, Owode da Agiliti. Shi wannan na biyun ana yin sanarwa kafin a sake shi, so ki riƙa sauraron rediyo, ranar da kika ji sanarwa ranar za ki kai tunkiyar wajen 'yan uwa a inda ke da tudu, kar ki jira sai ruwa ya kai gwiwa, lokacin ba mai keke napep ɗin da zai ɗauke ki da tunkiya.

Kyanwa ita ce mai wuya, don idan ta tsorata ɓuya take yi, ko kiran duniya za ki yi ba za ta fito ba. Ki nemi kwandon roba mai murfi, irin mai ramuka, ki shimfiɗa tsohon zaninki a ciki ki mayar da 'ya'yan can tun yau, ki riƙa ajiye mata abinci a gefensa har ta saba. Kwali ba zai yi ba, yana jiƙewa zai ɓarke a hannunki. Da hadari ya haɗu sosai ki rufe ta a ɗaki ɗaya da ku, in fita ta kama sai ki sa murfi ki ɗaure da igiya, shikenan. 'Ya'yan nan sanyi kaɗai yana kashe su, kar a raba su da uwarsu, kuma ki ƙulla busasshen tsumma da abincin kwana 3 a leda tare da ruwa mai kyau.

Tantabaru a ɗaga akurkinsu sama, in za ku bar gidan a buɗe musu ƙofa, manyan sun san hanyar dawowa, ƙananan da ba su fara tashi ba su ake ɗauka.

Amma ki ji ni da kyau, in kun riga kun fita kar ki koma, kar kuma ki tura yaro. Ruwa mai gudu ko santimita 15 ne yana iya kayar da babban mutum, ga kwatar da ba a gani, ga wayar wuta. Ki kira LASEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Legas, a 767 ko 112.

Bayan ruwa ya janye kar ki bar dabbobin su sha na ƙasa, ruwan kwata ne haɗe da na masai da fitsarin ɓera, akwai cutar da ke kama dabba da mutum ta nan. Wadda ta jiƙe ki wanke ta da ruwa mai ɗumi ki goge. In ta daina cin abinci ko tana amai, likitan dabbobi za ki kai ta, don Allah kar ki ba ta farasitamol, guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Idan kuma cikin firgici kyanwar ta ciji wani ko ta yaƙushe shi, a wanke wajen da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti, kuma tun yanzu ki kai ta a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, kyanwa ma tana ɗauka.