Amsa: man bilicin yana kawar da tamoji?

'Yar'uwa, kin ce ƙawarki ta ba ki man bilicin wai yana goge tamoji. Don Allah ki ajiye shi. Yawancin irin waɗannan mayukan akwai haidrokwinon ko kotizon a ciki, wato sinadarai masu ƙarfi da ke sa fata ta yi haske. Fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, kumatu su ƙone. Na gani a fuskar ƙanwata, har yau tabon yana nan.

Babban abin da ke tsufar da fuska rana ce, kin kuwa san ranar Damagaram a Afrilu, zafi ya wuce digiri 40. Masu cewa baƙar fata ba ruwanta da rana sun yi kuskure. Ki nemi man kariya daga rana mai SPF 30 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) a farmasi, lokacin hunturu ki shafa man kaɗe bayan wanka. Lemun tsami kuwa, kada ya taɓa fuskarki.