Kafin ka sa wa mutum manhaja a waya

Ɗana, jiya bayan la'asar muna cikin haɗa kaya ka ce mini: "Maigida, mi ya sa kake hana mu tura ma mutane GB WhatsApp, alhali ya fi WhatsApp na asali abubuwa, amma kai da kanka kana sa ma wasu Plus Messenger a madadin Telegram? Ba duk na wasu ba ne?" Na ce ka bari sai na natsu, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin shago. Ga ta nan, ka karanta kafin ka fito gobe.

Gaskiyarka, duka biyun ba kamfanin asali ya yi su ba. Amma baƙon da ya yi sallama aka shimfiɗa masa tabarma a zaure daban yake da wanda ya hauro ta katanga. Telegram, tun da ya fito a 2013, ya bar ƙofarsa a buɗe: ya bayyana yadda aka gina manhajarsa, ya yarda duk mai iyawa ya gina tasa ya jona da su. Shi ya sa kake samun Plus Messenger zaune a Play Store da sunansa. WhatsApp bai taɓa ba da wannan izini ba. GB WhatsApp da 'yan uwansa FM WhatsApp da Yo WhatsApp duk manhajar asali ce aka farke, aka cusa mata ƙari, aka ɗinke, kuma ni da kai ba mu san telan ba. Ba su cikin Play Store, daga Xender zuwa Xender suke yawo. A 2021 kamfanin Kaspersky, mai harkar tsaron waya da kwamfuta, ya gano wata ƙwayar cutar waya mai suna Triada a cikin wani kwafin FM, irin wadda ke karanta saƙon tes na mutum, ta yi masa rajistar abin da zai riƙa cin kuɗinsa bai sani ba. Ka tuna a wayar nan ce lambobin banki suke shigowa.

Amma ba labarin Kaspersky ya sa na hana ba. Da hannuna na taɓa cutar da mutum. Wani dattijo ne, dilan albasa, yana ɗauko kaya daga wajen Goronyo yana turawa kudu. Ya zo ya ce yana son layi biyu su yi WhatsApp a waya ɗaya, ɗaya na gida ɗaya na kasuwa. Na tura masa GB, ya biya, ya tafi yana godiya. Ana tsakiyar kakar albasa, da sanyin safiya ban gama share gaban shago ba, sai ga shi a kan kabu-kabu, waya a hannu. An rufe lambar, agogo na ƙirga lokaci a fuskar wayar. Motarsa biyu na kan hanya. Hotunan rasit, muryoyin da aka ƙulla ciniki da su, wa ya biya, wa ya rage, duk suna ciki. Muka jira wa'adin ya cika, na mayar da shi kan na asali, lambar ta dawo, amma hirar ba ta biyo ba, don GB ba ya kai ajiya Google Drive yadda na asali ke yi. Ya zauna a bencin nan da kake cin abinci a kai, ya daɗe yana murza wayar da babban yatsa, yana duba wurin da babu komai. Bai zage ni ba. Cewa ya yi: "Malam, ni na ɗauka abin da ka ba ni shi am mai kyau." Har yau in na ga wani yana tura GB, maganar nan nake ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bukatarsa tana da halastacciyar hanya. Tecno na da App Twin, Infinix na da XClone, duk suna raba manhaja gida biyu. WhatsApp Business yana nan tun 2018, ka sa masa layin kasuwa, na gida ya zauna a ɗayan. Daga Oktoban 2023 ma WhatsApp na asali da kansa yana ɗaukar layi biyu. Sauran abubuwan da samari ke yabon GB da su, yawanci an riga an kawo su: gyara saƙo cikin minti 15 bayan an tura, kulle hira da yatsa, ɓoye cewa kana kan layi, tura fayil har giga 2. Abin da ya rage ma GB shi ne canza kala da leƙen saƙon da mutum ya goge. Ni a ganina wanda ya goge saƙo ya janye maganarsa ne, kuma ba aikinmu ba ne mu ba wani tsanin leƙa gidan mutane. Aure nawa abin nan ya girgiza a garin nan, kai ma kana jin labari.

To, a inda aka yarda da baƙi, ta yaya nake zaɓe? Nan ne sana'ar take, kuma nan ne nake ganin kuskurenka. Kana gwada manhaja a wayarka, mai ram 8 (ram ne ke ba waya ƙarfin ɗaukar aiki da yawa a lokaci ɗaya), a cikin inuwar shago, kusa da fanka, ga caji a bango. Komai zai yi maka daɗi. Mai kawo mana aiki kuwa itel ce a hannunsa, mai ram 1 ko 2, gilashi ya tsage a gefe, memori ya kusa cika da bidiyon biki. A wayarsa za ka gwada, ba a taka ba. Ka sa manhajar, ka rufe ta gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka ƙirga a ranka har ta tashi. Ka shiga guruf mafi cunkoso da yake ciki, ka ja sama da sauri, ka ga ko tana sarƙewa. Sannan ka fita da wayar waje. Ranar Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, rubutun toka-toka a kan baƙin bango da ya yi maka kyau a ciki ba ya karantuwa ko kaɗan a bakin titi, kuma manhajar da ke aiki a ɓoye za ta sa bayan wayar ya yi zafi kamar kaskon masa, batir ya zube kafin azahar. Ka rubuta "ƙofa", "ɗaki", "ɓera" ka tura, don wasu salon rubutu da ake liƙa wa manhajojin nan ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai su fito da ɗan akwati a wurin.

Bayan haka ka miƙa masa wayar, ka naɗe hannunka, ka ce ya nemo maka saƙon da aka turo masa jiya ya amsa da murya. Kada ka nuna masa. Ka dubi yatsansa. In ya tsaya yana shawagi a sama bai san inda zai sauka ba, manhajar nan ba tasa ba ce, ko da ta fi kowace kyau.

Dubi Telegram. Uku nake juyawa a tsakaninsu: Plus Messenger, Telegram X da na asali. Plus Messenger yana raba maka komai a saman fuska: mutane daban, guruf daban, tashoshi daban. Ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo da ke cikin guruf arba'in, na aji, na sashe, na 'yan garinsu, na neman aiki, wannan zai ji daɗinsa. Amma saitinsa kamar Babbar Kasuwa yake, ƙofa bayan ƙofa, wanda bai saba ba zai shiga ya rasa ta fita. Kuma tun 2020 Telegram na asali ya kawo nasa rabon hira, don haka tazarar ta ragu sosai. Telegram X, wanda ya fito a 2018, na kamfanin ne da kansa, ya fi sauƙin tashi a ƙaramar waya, sai dai sabbin abubuwa kan makara kafin su iso shi.

Ka tuna malamar Islamiyyar nan ta Mabera da ta kawo waya makon jiya, ta ce ta daina ɗaukar hoto? Wani ya sa mata Plus, ya bar saukar da kaya a buɗe, duk karatun da aka tura a tashoshi goma sha wani abu yana sauka da kansa, datarta na ƙarewa, memori ya toshe. Ita kuwa abu ɗaya take so: ta saurari karatun tafsiri tana aikin gida. Na cire, na sa mata na asali, na kashe saukar kai-tsaye, na share tarin da ya taru, tunda Telegram a wurinsu yake ajiye komai, abin da ka share a waya yana nan in ka sake nema. Na ƙara girman rubutu, na maƙala mata tashoshi uku a sama. Ta danna sau biyu karatu ya tashi. Ta ce, "Awo, haka nike so." Ba ta dawo ba, kuma rashin dawowar mutum da aiki ɗaya shi ne shaidar da nake nema.

Facebook ba ya bukatar dogon bayani. Mai ƙaramar waya, ko mai zuwa ƙauyukan wajen Illela da Tangaza inda sabis ke rawa, ka sa masa Facebook Lite. Na kamfanin ne, tun 2015 aka yi shi don irin wannan sabis ɗin. Duk wata manhajar da ba ka san mai ita ba da ta ce a rubuta mata lambar sirrin Facebook, kada ka sa wa kowa, ko kyauta ce.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka gaya wa duk wanda ka sa ma manhajar baƙi, ko da mai izini ce: ɗan haya ce, ba mai gida ba. A Janairun 2023 Twitter ya toshe ƙofa dare ɗaya, Tweetbot da Twitterrific, manhajojin baƙi na shiga Twitter waɗanda mutane suka shekara da shekaru suna amfani da su har suna biyan kuɗi, suka mutu. A ƙarshen Yunin shekarar Apollo, manhajar baƙi ta shiga dandalin Reddit, ya bi su, bayan Reddit ya sa kuɗin da mai shi ya ce ba zai iya biya ba. Telegram bai yi haka ba, amma gidansu ne. Don haka in ka sa wa ɗalibi Plus, ka tabbata layin da ya yi rajista da shi yana hannunsa, kuma ya san lamba ɗaya ce za ta buɗe masa na asali a kowane lokaci.

Gobe da safe akwai Tecno a durowa ta biyu, ta matar nan mai sayar da atamfa, GB ne a ciki kuma an riga an yi mata gargaɗi sau ɗaya. Kada ka goge komai sai ta zo. Ku zauna tare ta nuna maka hirarrakin da ke da bashi a ciki, ta ɗauki hotonsu, muryoyin ka kwashe mata su a katin memori. Sannan ka cire GB, ka sauke na asali daga Play Store, ka kunna ajiyar Google Drive. In kun zo wurin lambar tsaro mai lamba 6, ka miƙa mata wayar ta sa da kanta, kai ka juya fuskarka wajen titi har ta gama.